Yadda Sunan Mutum Ya Zama Aikatau: Tarihin Kalmar "Boycott"

Daga cikin kalmomin Ingilishi da ɗalibai da ma'aikata suka saba gani a jaridu akwai "boycott", watau jama'a su haɗa baki su ƙaurace wa mutum ko hukuma, ba ciniki, ba aiki, ba gaisuwa. Asalinta kuwa sunan wani mutum ne, Kyaftin Charles Boycott.

Shi wannan Boycott tsohon hafsan sojan Ingila ne, wakilin wani mai ƙasa, Lord Erne, a gundumar Mayo ta ƙasar Ailan. A shekarar 1880 amfanin gona ya yi ƙaranci, manoma suka nemi a rage musu kuɗin hayar gonaki da kashi 25 cikin ɗari. Erne ya tsaya a kan kashi 10, Boycott kuma ya shiga shirin korar waɗanda suka kāsa biya.

A watan Satumba na wannan shekara shugaban Ƙungiyar Manoma, Charles Parnell, ya gargaɗi jama'a da kada su zubar da jini, su dai juya baya ga duk wanda ya ci amanarsu. Mutanen Mayo suka ɗauki wannan shawara suka ɗora wa Boycott. Leburorinsa suka watse, masu kantuna suka ƙi sayar masa da kaya, har wasiƙunsa aka daina kai masa. Sai da aka kawo 'yan sa-kai kamar 50 daga arewacin ƙasar, sojoji da 'yan sanda suna gadinsu, kafin a girbe gonarsa. Kuɗin gadin ya ninka darajar amfanin sau da yawa. Kafin ƙarshen shekara ya bar Ailan.

Tun a watan Nuwamba jaridun London suka soma amfani da sunansa a matsayin aikatau. Faransanci da Jamusanci ma suka ara.

Daga nan kalmar ta bi duniya. Da ita aka kira ƙauracewar kayan Turawa a Gwalkwas a 1948, da ƙauracewar motocin safa da baƙaƙen fata suka yi a Montgomery ta Amurka daga 1955 zuwa 1956, da kuma ƙauracewar zaɓen tarayya da jam'iyyun haɗin gwiwar UPGA suka yi a Nijeriya a 1964.

Dalilin ɗorewarta shi ne ta raɗa wa makamin marasa ƙarfi suna. Manoman Mayo ba su da bindiga, amma a 1881 majalisar Ingila ta yi dokar da ta sassauta musu sharuɗɗan hayar gonaki.