Wane ne mai horarwa mafi rauni da ya taɓa ɗaukar babban kofi?

A fadarmu ta bayan sallar isha'i, a nan Maraɗi, akwai gardamar da ba ta tsufa. Mafi yawanmu malaman lakol ne, sai ɗan kasuwa guda da wani tsohon direba mai dafa mana shayi. In an gaji da zancen albashi da tsadar buhun hatsi, sai a koma kan balo. Gardamar wane ne gwanin masu horarwa ba ta daɗewa, domin sunayen ba su da yawa. Wadda ke hana mu tashi ita ce kishiyarta: a cikin waɗanda suka ɗauki babban kofi, wane ne ya fi rauni? Wane ne kofin ya faɗo masa a cinya?

Da farko na ɗauki zancen a matsayin hirar kashe dare. Daga baya na lura cewa irin hukuncin da muke yanke wa masu horarwa, shi ne iyaye ke yanke mana duk ƙarshen shekara in sakamakon jarrabawa ya fito. Shi ya sa na ga ya dace in bi tarihin a tsanake.

Sunan da ke fara fitowa kullum shi ne Roberto Di Matteo, wanda ya ci Kofin Zakarun Turai da Chelsea a 2012. Attajirin Rasha Roman Abramovich ya sayi ƙungiyar a 2003, kuma babu kofin da yake so kamar wannan. José Mourinho ya ci masa gasar Ingila sau 2 a jere amma bai kawo na Turai ba. Avram Grant ya kai wasan ƙarshe a Mosko a 2008, John Terry ya zame a bugun fenariti, Manchester United ta tafi da kofin. Scolari, Hiddink da Ancelotti duk sun zo sun wuce. A 2011 aka ɗauko matashi André Villas-Boas daga Porto domin ya sabunta ƙungiyar, shi kuwa ya fara da ajiye manyan ƴan wasa a benci. A watan Fabrairun 2012 Napoli ta ci su 3-1 a Italiya, Lampard da Ashley Cole na zaune a gefe lokacin da aka take wasan. Ranar 4 ga Maris aka sallame shi, aka ce mataimakinsa Di Matteo ya yi riƙon ƙwarya zuwa ƙarshen kaka.

Abin da ya biyo baya mun kalle shi a tele da idonmu. Chelsea ta rama wa Napoli 4-1 a Landan, ta fitar da Benfica, sannan ta gamu da Barcelona ta Guardiola. A Landan Drogba ya ci ƙwallo guda, suka tsare gida. A Camp Nou aka ci su 2, aka kori Terry da jan kati, kowa ya ce magana ta ƙare. Sai Ramires ya ɗaga ƙwallo ta saman mai tsaron gida, Messi ya buga fenariti ta daki ƙarfen sama, Torres ya farke a mintin ƙarshe. Ranar 19 ga Mayu suka je wasan ƙarshe da Bayern Munich a filin Bayern ɗin, babu Terry, babu Ramires, babu Ivanović, babu Meireles. Müller ya ci a minti na 83. Bayern ta samu kwana 20 a wasan, Chelsea ta samu guda 1 tak, kuma a kanta Drogba ya sa kai ya farke a minti na 88. A ƙarin lokaci Petr Čech ya kama fenaritin Robben, a bugun raba gardama Chelsea ta ci 4-3.

Ɗan kasuwarmu, wanda ke bayan Chelsea tun zamanin Drogba, yakan ce mini: "Malam, mutumin da ya fitar da Messi ya kuma ci Bayern a gidanta, shi kake kira rarrauna? Allah ya ba mu irin wannan rauni." Ni kuwa sai in ce: "Alhaji, mu duba abin da ya faru kafin daren nan da bayansa." A kakar nan Chelsea ta ƙare ta 6 a gasar Ingila, da maki 64, alhali Manchester City mai kofi na da 89. Ƙashin bayan ƙungiyar ba Di Matteo ya gina shi ba: Lampard ya zo tun 2001, Čech da Drogba a 2004, Cole da Mikel a 2006. Da aka tabbatar masa da aikin, wata 6 kacal bayan daren Munich, Juventus ta ci su 3-0 aka kore shi, Chelsea kuma ta zama mai riƙe da kofi ta farko da aka fitar tun a matakin rukuni. Ya je Schalke a Jamus a 2014, bai cika shekara ba. Ya je Aston Villa a 2016, ya ci wasa 1 cikin 11 na gasa, aka sallame shi. Daga nan bai sake riƙe wata ƙungiya a matsayin babban mai horarwa ba.

Abin mamaki, shekara 30 kafin Di Matteo an yi labari kusan iri ɗaya, kuma Bayern ce dai ta sha kashi. Ron Saunders ne ya gina Aston Villa har ta ci gasar Ingila a 1981, da ƴan wasa 14 kawai a duk kakar. A Fabrairun 1982 ya saɓa da shugabannin ƙungiyar ya ajiye aiki, aka miƙa ragama ga mataimakinsa Tony Barton, mutumin da aka fi sani da neman sababbin ƴan wasa. Wata 3 bayan haka, a Rotterdam ta ƙasar Holan, Villa ta ci Bayern 1-0 da ƙwallon Peter Withe. Mai tsaron gidansu Jimmy Rimmer ya fita da rauni kafin minti 10 su cika, wani saurayi Nigel Spink, wanda wasansa na 2 ke nan a babbar ƙungiyar, ya shiga ya hana Jamusawa sakat. A gida kuwa Villa ta ƙare ta 11, kuma a 1984 aka sallami Barton. Tsohon direbanmu yakan rufe wannan labari da cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Daga waɗannan biyun na fitar da ma'aunina na farko. Gasar da ake fitar da mutum da wasa ɗaya ko biyu tana da ƙofa da sa'a ke shigowa: ƙarfen raga, kwana guda, hannun gola. Gasar ƙasa mai wasa 38 ba ta da wannan ƙofa. Shi ya sa ba na yarda in an jefo sunan Claudio Ranieri a cikin raunana. Gaskiya ne Girka ta kore shi a 2014 bayan tsibiran Faroe sun ci ta har gida, kuma Leicester ta sallame shi a Fabrairun 2017. Amma a 2016 ya ci gasar Ingila da maki 81, ya ba Arsenal ratar maki 10, sau 3 kawai aka ci shi, da su Vardy da Mahrez da Kanté waɗanda manyan ƙungiyoyi ba su waiwaya ba a lokacin. Sa'a ba ta bin mutum wata 9 tana yi masa aiki kowane mako.

Ma'auni na biyu shi ne haƙuri. Ƙuruciyar fadarmu kan ambaci Emerse Faé na Kwaddibuwa. A gasar Afirka da aka buga a farkon 2024, Ikwatoriyal Gini ta ci masu masaukin baƙi 4-0, aka kori Jean-Louis Gasset, kuma ba don Maroko ta ci Zambiya ba da Giwayen sun fita tun a rukuni. Faé, wanda bai taɓa jagorantar babbar ƙungiya ba, ya fitar da Senegal da fenariti, ya ci Mali da mutum 10, ya ci Kwango, sannan ya doke Najeriya 2-1 a Abijan ranar 11 ga Fabrairu. Labarinsa ya yi kama da na Di Matteo sak. Sai dai shi littafinsa a buɗe yake har yanzu. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, haka nan ba a kushe shi kafin a ga ƙarshe.

Mu ma a Nijar mun ga ɗaya ɓangaren wannan al'amari. Harouna Doula ne ya kai Mena gasar Afirka karon farko a tarihi, daga rukunin da ke da Afirka ta Kudu da Saliyo da Masar mai kofi 3 a jere, wadda muka ci 1-0 a Yamai a 2010. Hukumar ƙwallon Afirka ta ba shi kyautar gwarzon mai horarwa na 2011. Da Gabon ta ci mu 2-0 a wasan farko a Janairun 2012, sai aka mayar da shi gefe aka tura Bafaranshe Rolland Courbis gaba. Wasa ɗaya ya ɗaga Di Matteo sama da matsayinsa, wasa ɗaya ya shafe wa Doula aikin shekaru.

In an matsa mini in faɗi suna, Di Matteo zan faɗa, domin shi ne ya samu dama sau 3 bayan kofin ya nuna abin da ya iya, bai nuna ba. Amma zan ƙara da abin da Alhaji ke da gaskiya a kai. Villas-Boas ya fi shi ilimin tsara wasa, duk da haka da ƴan wasan nan ne ya kusa faɗawa rami. Di Matteo ya san iyakarsa. Ya maido da dattawan ƙungiyar, ya saurare su, ya yarda cewa ba za su iya raba ƙwallo da Barcelona ba, ya sa suka tsare gida. Gane abin da ka gada ka kuma ƙi ɓata shi, wannan ma aiki ne, kuma masu ilimi da yawa sun kasa shi.

Na taɓa zama Di Matteo da kaina. Wata shekara malamin da ke riƙe da ajin ƙarshe na kwaleji ya kwanta rashin lafiya, aka ba ni ajin saura wata 3 a rubuta BEPC. Yaran sun ci sosai. Iyaye suka riƙa tare ni a kasuwa suna sa mini albarka, wani har da kawo zabi gida. Ban ƙi ba, amma na san abin da na tarar: littattafansu cike suke da aikin wanda ya gabace ni, kuma da yawansu wata malama ce ta koya musu haɗa baƙi a ajin CI shekara 9 da suka wuce, cikin aji mai yara fiye da yawan kujeru. Abin da na yi kawai shi ne ban canza tsarinsa ba, na yi ta maimaita musu tsofaffin jarrabawa, na kwantar musu da hankali. Shekarar da ta biyo baya aka ba ni aji tun daga Oktoba, sakamakon ya sauka, mutanen da suka yabe ni suka fara cewa na yi sanyi.

Don haka nake roƙon iyaye, in sakamako ya fito bana, kafin ku ce wane gwani ne wane kuma rago, ku tambayi a wane hali ya karɓi yaran, wa ya riƙe su kafinsa, kuma me ɗalibansa na shekarun baya suka zama. Mu malamai kuma, in shekara ta yi mana kyau, mu ambaci sunan waɗanda suka yi aikin kafin mu. Malamar nan ta CI ta yi ritaya bara. Na je na gaishe ta, na faɗa mata cewa zabin da na ci a waccan shekara nata ne. Ta yi dariya ta ce in kawo mata kuɗinsu.