Tarihin Fijo A-kori-kura da Dalilin Karkarwar Injinta

Tambaya: Wani mai sauraronmu daga Ƙofar Ƙaura, Katsina, yana son tarihin Fijo a-kori-kura, da abin da ke sa injin tsohuwarta karkarwa in tana silo.

Amsa: To Malam, ita dai Fijo asalinta Faransa. An fito da 404 a 1960, 504 kuma a 1968. A 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kakuri, Kaduna, daga nan ta zama jakar 'yan kasuwar Jibiya da Mai'aduwa.

Injin wancan zamani ba ruwansa da kwamfuta. Kafireto ke gauraya fetur da iska, kwantak kuma ya saki wuta zuwa fulogi. In ɗayansu ya kasa, sai karkarwa. Don haka a fara zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka zare sautin bai sauya ba, can cutar take. Sannan a duba kwantak, da matatar iska, da ƙaramin jet na silo, wanda ƙurar hunturu ke toshewa.

Kada ka yarda bakanike ya sauke maka inji kafin a duba waɗannan. Allah ya kiyaye hanya.