Asalin Katin 'Yan Ƙwallon Kwando

Duk wanda ya tashi a Unguwar Shanu ko Abakwa a Kaduna ya san yadda yara kan yi dafifi gaban mai tebur in an taso daga makaranta. Yaro ya sayi cingam, ya yi maza ya ɓare don ya ga hoton da ke ciki. In ya samu irin wanda yake da shi, ya nemi abokin musanya. To, wannan al'ada daga Amurka ta fito, kuma da taba ta faro, tun cingam bai shigo maganar ba.

Ga yadda aka yi. A shekarun 1880 ana zuba taba sigari ne a fakitin takarda mai laushi, sai kara ya yi ta karyewa a aljihun mutane. Masu kamfani suka riƙa cusa ɗan kwali a ciki don ya tallafe shi. Daga baya suka ga ba dalilin barin kwalin fari fat, sai suka fara buga masa hotunan tsuntsaye da tutoci da 'yan wasa. Kamfanin Allen & Ginter na garin Richmond yana cikin na farko-farko. Katin nan tamkar gyara ne da mai awo kan ƙara wa mai saye don ya dawo gobe. Uba ya sha tabarsa, ɗa ya ɗauki katin.

A lokacin ma babu ƙwallon kwando a duniya. Sai a Disambar 1891 wani malamin motsa jiki, James Naismith, ya rataye kwanduna biyu a ɗakin wasa a Springfield, ya tsara wa ɗalibansa dokoki 13. Wasan ya daɗe bai samu katin kansa ba. A 1933 kamfanin cingam na Goudey ya saka 'yan kwando 4 kacal cikin jerin gwanayen wasanni. Sai a 1948 kamfanin Bowman ya fito da jeri na 'yan kwando zalla, kati 72, ciki har da na George Mikan, dogon nan mai tabarau. Abin bai yi kasuwa ba, aka watsar. Kamfanin Topps ya gwada a 1957, na Fleer ya gwada a 1961, kowa ya yi shekara ɗaya ya janye.

Da Topps ya dawo a 1969 ya yi wata dabara da ta burge ni: tunda 'yan wasan zanƙala-zanƙala ne, sai ya ƙara wa katin tsawo, ya kusa inci 5. A wannan jerin ne aka fara ganin Lew Alcindor, wanda ya musulunta ya zama Kareem Abdul-Jabbar. Amma tsawon ya zame wa katin jarraba, don ba ya zama lafiya a aljihun yaro, sai ya lanƙwashe.

Jerin da ya fi shafar mu shi ne na Fleer na 1986, mai kati 132. An zagaye kowane hoto da ja da fari da shuɗi, ga ɗan kambi a kusurwar sama, ga lissafin ƙwallayen ɗan wasa a baya. Kati na 57 shi ne na Michael Jordan, ya tashi sama da jar rigar Chicago, ƙwallo a hannu ɗaya. Na 82 kuwa na wani ɗan Najeriya ne haifaffen Legas, wanda ƙungiyar Houston ta ɗauka na ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984, shekarar da Jordan ya zo na uku. A katin an rubuta Akeem Olajuwon; sai a 1991 ya gyara rubutun sunansa zuwa Hakeem. Ni dai a ganina ya kamata kowane yaron da ke jefa ƙwallo a filayen Kaduna ya san wannan kati, ya san mai shi ya ci kofi a 1994 da 1995, kuma a lokacin yakan shiga fili da azumi a bakinsa.

Me ya sa ɗan kwali yake tsada? Saboda yara ne suka fara mallakarsa. Sun ɗaure shi da roba, sun yi wasa da shi a ƙasa, iyaye mata sun share sun zubar. Kaɗan ne suka tsira lafiya lau. Ga shi jan gefen na 1986 da an ɗan goge shi sai fari ya leƙo, kuma injin yanka yakan bar hoton ya karkata gefe guda. Tun 1991 akwai kamfanin PSA da ke duba kusurwa da gefe da fuska da daidaiton hoto, ya ba da maki daga 1 zuwa 10, ya rufe katin cikin gidan roba. A farkon 2021 an sayar da katin Jordan mai maki 10 a gwanjo kan dala 738,000. Inda kuɗi ya kai haka, 'yan jabu ba sa nisa, shi ya sa mai saye yakan sa gilashin ƙara girma ya bi ɗigon tawada kafin ya taya.

Cingam ɗin kuwa, masu tara kati sun yi ta ƙorafin yana ɓata musu kaya da tabo. A 1992 Topps ya cire shi daga fakitinsa, aka ci gaba da sayar da katin shi kaɗai.