Daga Mangala Zuwa Tirela: Sha'anin Lodi a Zangon Lome

Tun kafin Jamusawa su mai da Lome mazaunin mulkinsu a shekarar 1897, Hausawa fatake sun riga sun sauka a wannan bakin teku, kuma da yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa babbar kasuwar goron Gwanja, attajirai da malamai suka watsu, wasu suka yi Kete-Karachi kamar yadda Imam Umaru ya yi, wasu suka gangaro kudu, sai Zangon Lome ya ƙara cika ya batse. Waɗannan bayin Allah sun zo da jari da allo da tasbaha, amma sun zo da wani ilmi kuma wanda ba a rubuta shi a littafi ba, shi ne ilmin ɗaurin kaya.

Duk wanda ya taɓa ganin ayari zai tashi da asuba ya san cewa, bayan salla, babu abin da madugu ke sa wa ido kamar lodi. A shimfiɗa wa jaki akumari, a ɗora mangala ko waga, mutum biyu su tsaya dama da hauni, kowa ya tallafi nasa ɓangaren yana jin nauyinsa a tafin hannu, in ɗaya ya rinjaya a zare ƙullin kanwa daga nan a mayar can, har sai kaya sun zauna daidai a tsakiyar gadon baya. Gama in sun zame wuya dabba za ta durƙusa a gangara, in sun koma ƙugu za ta gaza a hawa, in kuwa sun karkata gefe, kafin a kai Sansanin Mango gyambo ya fito, alhali kuwa tafiyar Kano zuwa Gwanja ta watanni ce. Ba dabara ce kaɗai ba, har da shari'a a ciki, domin littattafan hisba sun ɗora wa muhtasibi hana mutane aza wa dabba abin da ya fi ƙarfinta.

Zamani ya juya da sauri. Jamusawa suka gina gadar jiragen ruwa a 1904, suka ja dogo zuwa Aneho da Kpalime da Atakpame, Faransa ta kai shi Blitta, aka buɗe tashar ruwa mai zurfi a 1968, jaki ya bar wa mota hanya. A 1977 hukuma ta rushe tsohon Zango da ke tsakiyar gari, aka kwashe jama'arsa zuwa arewacin birni wajen Agoe, kuma ko da yake an yi baƙin ciki ƙwarai, sabon mazaunin ya faɗo a kan bakin titin da ke tafiya Cinkasse, inda manyan motocin Nijar da Burkina da Mali ke bi dare da rana.

A nan ne tsohon ilmi ya sami sabon aiki. Direban da zai hau tsaunin Alejo ko na Defale da buhunan shinkafa ba ya barin 'yan lodi su yi yadda suka ga dama, sai ya tsaya a kansu da karen motarsa, yana duban yadda sifirin ke lanƙwasa, yana bugun tayoyi da ƙarfe, saboda ya sani in nauyi ya taru a wutsiyar tirela za ta dinga kaɗa kan mota, in ya taru a gaba zai danne ƙafafun baya har su fashe. Babbar tirela ma da sauƙi, tun da mahaɗinta yana zaune bisa tayoyin baya na kan motar. Wahalar tana ga a-kori-kura mai jan amalanke, wadda maƙalinta ke can bayan tayoyin baya: da zarar an danna shi, sai gaban mota ya ɗaga, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannu, birki ya rage kamu, fitilu su koma haska sama.

Mutanen Amurka, masu jan ɗakin kwana a bayan mota zuwa yawon hutu, sun ƙera wa wannan illa magani, wato maƙali mai sandunan ƙarfe biyu da ake ɗaurewa tamau, su yi aikin ɗagawa, su mayar da wani kaso na nauyin zuwa tayoyin gaba da na abin da ake ja. Ƙa'idarsu ita ce kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya sauka a kan maƙali, kuma suna ta muhawara ko mota mai ƙarfi tana bukatar sandunan. A ganina, da an kawo wannan mas'ala gaban tsofaffin Zango, da sun ce ƙarfin dabba yana ƙara abin da za ta ɗauka, amma ba ya halatta a aza mata shi a karkace. A auna tukuna, in gaba ya ɗaga a gyara.

Hukuma ita ma daga baya ta iso ga wannan hukunci. Dokar ƙungiyar UEMOA mai lamba 14 ta 2005 ba ta tsaya ga jimillar kaya kaɗai ba, ta ƙayyade abin da kowane layin tayoyi zai ɗauka, har ya zama mota tana iya cika sharaɗin jimilla amma ta faɗi a sikeli don rashin rabo. An daɗe ana jan ƙafa wajen zartar da ita, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: kuɗin haya kaɗan, shingayen hanya da yawa, mai mota yana son fanshe hasara a sahu ɗaya, titi kuwa shi ke biya. Bayan da iyakar Nijar da Benin ta rufe a 2023, kayan Yamai da yawa sun koma bi ta Lome, su ratsa Burkina cikin jerin gwano da rakiyar soja, kuma a irin wannan tafiya motar da lodi ya karya wa sifirin ba a tsayawa jiranta.