Gigin Tsufa: Daga Asibitin Frankfurt Zuwa Gwajin Jini

Bahaushe ya daɗe da sanin gigin tsufa, yana ɗaukarsa a matsayin kayan da shekaru ke zuwa da su. Likitocin Turai ma haka suka ɗauke shi har farkon ƙarni na 20. A shekarar 1901 aka kwantar da wata mata mai suna Auguste Deter, 'yar shekara 51, a asibitin masu taɓin hankali na Frankfurt da ke Jamus. Mantuwa ta kama ta, kalmomi suna kuɓuce mata, alhali ba ta manyanta ba. Da ta rasu a 1906, likitanta Alois Alzheimer ya binciki ƙwaƙwalwarta da madubin ƙara girma. Ya tarar da wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin jijiya, da zaruruwa da suka cukurkuɗe a cikinsu. A 1910 Emil Kraepelin ya laƙaba wa cutar sunan Alzheimer.

Matsalar ita ce ba a iya ganin waɗannan alamomi sai bayan mutuwa. An shafe shekaru da dama ana neman hanyar gano su a jikin mai rai. A 1984 George Glenner da Caine Wong suka tantance furotin ɗin da ake kira amiloyid, wanda shi ne ke dunƙulewa. Ba da jimawa ba aka gane cewa zaruruwan kuma daga furotin tau suke. Daga nan aka fara auna su a ruwan laka, a 2004 aka ɗauki hoton amiloyid a ƙwaƙwalwar masu rai, sannan a 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da gwajin jini na farko.

Sai dai wani bincike ya nuna cewa alama ba ta yanke hukunci ita kaɗai. A 1986 David Snowdon ya soma nazarin tsofaffin sistocin cocin Katolika a Amurka, waɗanda yawansu ya kai 678, kuma suka yarda a binciki ƙwaƙwalwarsu bayan rasuwa. Wata da ake kira Sista Mary ta kai shekara 101 da hankalinta garau, amma aka tarar ƙwaƙwalwarta cike da dunƙulen cutar. An kuma duba tarihin rayuwa da wasunsu suka rubuta suna 'yan mata. Waɗanda jimlolinsu suka fi ƙunsar ma'ana, su ne cutar ta fi ƙaranci a cikinsu.

Bayanin wannan yana da nasaba da ikon ƙwaƙwalwa na sauya kanta. A da, masana irin su Santiago Ramón y Cajal suna ganin hanyoyin jijiya na baligi sun kafu, ba su sabuntuwa. A 2000 Eleanor Maguire ta nuna cewa direbobin tasi na Landan, masu haddace dubban tituna, wani yanki na sashen ƙwaƙwalwarsu mai riƙe taswira ya fi na sauran mutane girma. Saboda haka masana suke ganin karatu, aiki da cuɗanya da jama'a suna tara wa ƙwaƙwalwa guzuri, ta yadda in wata hanya ta toshe sai ta bi wata.

Guzurin nan yana jinkirta bayyanar cutar, amma ba ya warkar da ita. Shi ya sa likitoci ba su dogara da gwajin jini kawai ba. Sukan haɗa shi da gwajin tunani, da kuma bayanin iyalan da ke zaune da majinyaci, domin su ne ke fara lura da ranar da ya soma manta hanyar gida.