Agogon tsohuwar mota, shaidar da ake sayarwa a kilo a ƙasar auduga

Duk wanda ya san garejojin kanikawa a kudancin Katsina, tun daga Ƙanƙara zuwa Faskari har Sabuwa, ya san ba a rasa gawar tsohuwar mota a bayansu: Bedford da ta daɗe zaune a kan duwatsu, Land Rover da ciyawa ta tsiro a cikinta, Fijo a-kori-kura da aka cinye da cire-cire. Ranar da mai gwangwan ya zo, nauyi yake saya, kuma agogunan gaban direba, wato maleji da agogon mai da na zafi da na caji, ba su da nauyin da zai sa a kula da su. A Ingila da Jamus da Amurka kuwa akwai masu tara irin waɗannan agoguna, suna tantance wanda ya ƙera su da shekarar da aka yi su. A ganina mu ne muka fi su buƙatar wannan ilimi. A yankin da takardun mota kan ɓace tun motar tana da rai, agogon nan shi ne rubutacciyar shaida mafi aminci da ta rage a jikinta, muddin an iya karanta shi kuma an san inda shaidarsa ta tsaya.

Auduga ce ta fara jawo mota zuwa wannan ƙasa. A shekarun 1920 Turawa suka kafa gonar irin auduga a Daudawa, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Faskari a yau, kamfanin auduga na BCGA ya kafa injin gurza a Funtuwa, layin dogo kuma ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Jirgi ba ya shiga ƙauye, don haka tsakanin kasuwar auduga da injin gurza sai jaki da raƙumi, daga baya kuma babbar mota. Tun daga lokacin har bayan samun 'yancin kai a 1960, yawancin motocin aiki ƙirar Ingila ne, har kamfanin UAC ya riƙa haɗa Bedford a Apapa. Zango na biyu ya zo a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da Bankin Duniya ya tallafa wa shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda ya haɗa da gundumomin Faskari da Ƙanƙara, aka yi hanyoyin karkara, aka shigo da taki da taraktoci. A daidai wannan lokaci, a 1975, kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Legas. Kowane zango ya bar irin agogunansa.

Karatun yana farawa daga fuska. Kamfanonin mota ba su cika ƙera agogo da kansu ba, saya suke yi, kuma sunan maƙerin yakan fito da ƙananan haruffa a ƙasan fuskar. Smiths na Landan shi ne ya wadata yawancin motocin Ingila, ciki har da Land Rover da Austin da Morris. Sunan AC ya fi fitowa a Bedford da Vauxhall, domin a wancan lokaci dukkansu 'yan gida ɗaya ne a ƙarƙashin General Motors. Agogon caji a motar Ingila sau da yawa na Lucas ne. VDO na Frankfurt, wanda aka kafa a 1929, shi ke cikin Marsandi da Volkswagen, Veglia na Milan yana cikin Fiat, Fijo kuma takan zo da Jaeger ko Veglia. Sunan Jaeger yana da tarko. Asalinsa na Paris ne, amma a 1927 Smiths ya sayi rinjayen reshensa na Landan, don haka akwai agogunan Jaeger masu yawa da aka ƙera a Ingila don motocin Ingila. Wanda ya ga sunan kawai ya yanke cewa daga Fijo aka ciro, zai iya kuskure da ƙasa guda. Dole ya duba ko an rubuta ƙasar ƙira, kuma idan rubutun ya ce Jamus ta Yamma, to an yi shi ne kafin haɗewar Jamus a 1990.

Bayan suna sai ma'auni, kuma a nan tarihin Najeriya ya ba mu iyaka mai amfani. Ranar 2 ga Afrilu 1972 ƙasar ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama, sitiyari ya koma hagun mota, a 1973 naira ta maye gurbin fam, cikin waɗannan shekaru kuma aka bar mil da galan aka koma kilomita da lita. Malejin Smiths da ke ƙidaya da mil, tare da agogon zafi mai ma'aunin Fahrenheit da agogon man inji mai awon laba, ya fi kama da kayan da suka shigo kafin wannan sauyi. Za a ce wannan iyaka ba ta da ƙarfi, kuma akwai gaskiya a ciki. Motocin Faransa da na Jamus sun zo da kilomita tun kafin 1972, wasu ta kan iyakar Jibiya daga Maraɗi, sannan motocin Kwatano da suka cika ƙasar daga baya sun dawo da mil, musamman waɗanda aka yi don kasuwar Amurka. Amsar ita ce ma'auni ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Mil a kan agogo mai gidan ƙarfe da zoben kurom da gilashi na gaske magana ɗaya ce, mil a kan allon roba mai ƙananan lambobin kilomita a ciki magana ce daban, kuma tsakaninsu akwai shekaru masu yawa.

Mafi yawan abin da agogo ya sani yana bayansa. A juya malejin VDO na Volkswagen, a goge ƙurar da tsumma ba tare da kankarewa ba, sau da yawa za a ga hatimin wata da shekara, lambobi biyu da ɗigo a tsakani. Ga wanda ba shi da hatimi, yadda yake aiki ma kwanan wata ne. Tsohon maleji yana da bakin da kebul ke shiga daga giya, kebul ɗin yana juya maganaɗisu, shi kuma yana jan wani ɗan kofin alminiyom da allura ke maƙale a kansa, dabarar da Otto Schulze ya yi wa rajista a 1902 kuma ta yi aiki har zuwan maleji mai lantarki. Tsohon agogon zafi yana da siririn bututun ƙarfe da ke tafiya har kan inji, a rufe ruf da wani ruwa mai saurin tururi a ciki, kuma da zarar an yanke shi agogon ya mutu. Agogon mai na Smiths ya kasu biyu. Na farko, da an murɗa makulli allurarsa take tsalle, tana rawa duk lokacin da mota ta faɗa rami. Na baya, wanda ya yaɗu a shekarun 1960, allurarsa a hankali take tashi, domin zafi ne ke lanƙwasa wani ɗan ƙarfe a cikinsa. Tsofaffin direbobin hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara sun san wannan bambanci da ido. Haka nan Land Rover ta sauya yadda ake haɗa batir da jikin mota a 1967, a 1971 kuma samfurinta na uku ya ɗauke agogunan daga tsakiya ya kai su gaban direba. Volkswagen Beetle ba ta da agogon mai sai a farkon shekarun 1960, kuma sai wajen 1968 aka shigar da shi cikin maleji.

Suka mafi nauyi ita ce ta kanikawa da kansu. Za su ce a nan babu motar da ta tsufa da kayanta na asali, duk abin da ya shiga rami ɗaura shi ake yi, don haka agogo ba ya faɗin shekarun mota. Wannan daidai ne, kuma shi ya sa ya kamata a riƙe cewa agogo shekarunsa yake faɗa, ba na motar da aka same shi a ciki ba. Amma sauyin ma yana barin sawu. A fuskar malejin Smiths, kusa da lambar samfuri, akwai wata lamba mai nuna sau nawa kebul zai juya a mil ɗaya, kamar 1000, ko 1408 a wasu Land Rover. Malejin da ke juyi 1000 a mil, ɗan'uwansa na kilomita zai nuna wajen 620, tunda mil ɗaya ya kai kilomita 1.6. Lambar ta dogara ga giya da girman taya, saboda haka idan ba ta dace da motar ba, an san baƙo ne. Kuma baƙon agogo ba shara ba ne a wurin mai tarihi. VDO a cikin Bedford yana nuna lokacin da kayan Ingila suka yi wuya, Marsandi 911 ta karɓe hanya, rewaya ya faɗaɗa ramin da zarto don motar ta ci gaba da kai masara kasuwar Dandume. Mai tara kaya a Turai zai rage wa irin wannan mota daraja, mu kuwa a nan ne labarinmu yake.

Abu biyu ne ba za a amince da su ba. Na farko lambar tafiya. Tsofaffin maleji gurbi biyar gare su, suna kaiwa 99,999 su koma sifili, kuma babbar motar da ta yi shekara ashirin tana jigilar auduga tana iya zagayowa fiye da sau ɗaya, ban da shekarun da ta yi da tsinkakken kebul. Na biyu ƙyalli. Har yau wani kamfani a yankin Wales mai suna Caerbont yana ƙera sababbin agoguna da sunan Smiths, a tsohon fasali. Ba jabu ba ne, amma ba tsofaffi ba ne, kuma fuska fara tas da zobe marar tsatsa a kan abin da aka ce ya shekara sittin a ƙurar Sabuwa ya isa a yi tambaya.

Saura mai cewa yankin da ke fama da 'yan bindiga, inda mutane suka bar gonaki da ƙauyuka, ba shi da lokacin tsohon agogo. Ba na raina wannan magana. Sai dai ƙaura ita ce ke sa a sayar da gawar mota da gaggawa, kuma tsofaffin direbobi da yaran mota da suka san wace mota ce ta wane Alhaji, wace hanya ta bi, suna ƙarewa. Aikin kuma ba ya cin kuɗi. Bakanike ko ɗalibin tarihi daga Funtuwa ko Dutsin-Ma yana buƙatar sukuddireba da waya mai kyamara da littafi. Kafin a kwance, a ɗauki hoton agogon a mazauninsa, a rubuta lambar shasi da lambar rajista idan tana nan, da garin da aka samu motar, da abin da masu ita suka tuna. A kwance kebul daga bayan maleji a hankali, a zare bututun agogon zafi daga kan inji ɗungurungum, a naɗe shi ba tare da lanƙwasa mai kaifi ba. Kada a wanke fuskar da fetur, domin lambobin da ake nema su ne farkon abin da zai goge.