Kalmar «haver» a shari'ar Sikotlan: tarihin mai riƙon takarda

A wannan ƴar maƙala za mu duba yadda tsarin kotu ke iya raya kalma, ta hanyar misali ɗaya daga ƙasar Sikotlan: «haver». Ta fuskar ginin kalma, ta fito ne daga aikatau «have», mai nufin samu ko riƙe, da ɗafa-ƙeya «-er» mai nuna mai aikatawa, kamar yadda muke gina «mariƙi» daga «riƙe». Kada a haɗa ta da wata «haver» ta bakin jama'ar ƙasar, mai nufin surutun banza: rubutunsu ɗaya, amma furucinsu da asalinsu daban.

A kotu, «haver» shi ne wanda takardun da ake bukata don kafa hujja suke hannunsa, ko da ba shi cikin masu ƙara. Mai bukatarsu yakan rubuta jerinsu. In alƙali ya amince, sai ya naɗa wakili wanda zai kira mai riƙon, ya rantsar da shi, ya tambaye shi: takardar tana hannunka? Ta taɓa zama? Ina take yanzu? Ba a tambayarsa kan gundarin rigimar, kuma nan ne ya bambanta da shaida. Takardar da ya ce ta sirri ce akan rufe ta cikin ambulan, har alƙali ya yanke hukunci a kanta.

Me ya sa kalmar ba ta ɓace ba? An kafa babbar kotun ƙararrakin jama'a ta Edinbara a 1532, zamanin Sarki James na 5. Da aka haɗe Sikotlan da Ingila a 1707, majalisar dokokin Sikotlan ta rushe, amma sashe na 19 na yarjejeniyar ya bar kotun a matsayinta. Ingilishi ya ci gaba da mamaye rubutu, lauyoyi kuwa suka riƙe kalmominsu, domin hanyar aikinsu ba ta sake ba. Dokar 1972 ma ta ƙara wa kotu ikon sa a fito da takardu tun kafin a shigar da ƙara.

Ke nan bukatar kotu ce ta raya «haver». Mai nazarin kalmomin shari'a sai ya fara da tarihin hukumar da ke aiki da su.